Dillancin Gidaje a Najeriya: Aikin Dillali, La'ada da Matsayin Doka

Dillalin gidaje shi ne mai shiga tsakanin mai gida da mai neman saye ko haya, yana karɓar la'ada idan ciniki ya faɗa. A garuruwa da dama sana'ar tana hannun mutanen da suka san kowane lungu da mai shi. A manyan birane irin su Legas, Abuja, Fatakwal da Kano kuwa, kamfanoni masu ofis da rajista sun yawaita. Wasu a jiha ɗaya suke aiki, wasu a shiyya guda. Suna tallata gidaje ta intanet, suna kuma karɓar kuɗin haya a madadin masu gidajen da ke nesa.

A harkar haya, la'adar da aka fi sabawa da ita ita ce kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Sau da yawa akan ƙara wani kashi 10 na lauyan da zai rubuta yarjejeniya, sai kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna. Ke nan gidan naira miliyan 1 yakan kai miliyan 1 da dubu 200 tun kafin a zo kan ajiyar. A sayarwa an fi jin kashi 5, amma abu ne na daidaitawa.

Inda masu saye suka fi yin asara shi ne ɗaukar maganar dillali a matsayin shaidar mallaka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana ga jama'a. Abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne, wanda takardar da aka fi sani da C of O take tabbatarwa, galibi na shekara 99. Sashe na 22 na dokar ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi. A shekarar 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewa. A Abuja, Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke riƙe da wannan iko.

Saboda haka, kafin kuɗi ya fita, lauyan mai saye kan je ofishin rajistar filaye ya binciki sunan da ke kan takarda, da ko an jinginar da gidan ga banki. A Abuja ana yin binciken a AGIS, a Kaduna a KADGIS, a Kano kuma a KANGIS. Gidan gado yana buƙatar ƙarin kulawa, domin sa hannun magaji ɗaya ba ya ɗaure sauran magada, kuma irin wannan ciniki yakan daɗe a gaban alƙali.

Dokokin haya sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta haramta karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta ware unguwannin Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biya shekara-shekara yana da sanarwar wata 6 kafin tashi, mai biya wata-wata kuma wata 1. Cire rufi ko canza makulli don korar ɗan haya laifi ne a dokar; kotu ce kaɗai ke ba da umarnin fitarwa.

Ƙwararrun masu ƙiyasin darajar gidaje suna ƙarƙashin hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975, yayin da Legas ke da hukumar LASRERA mai yi wa dillalai rajista. Haka kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Takardar bankin da ke ɗauke da sunan mai gida, ba na dillali ba, ita ce ke zama hujjar mai saye idan gardama ta taso.