FIJO 'YAR KADUNA DA KISHIYARTA 'YAR KWATANO

 Na san da wata ta ga kan wannan rubutu za ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma gareji aka koma da mu?" To ki yi haƙuri ki karanta. Motar nan da kike gani a ƙofar gida, sau da yawa in aka bi diddigi za a tarar da kuɗin mace a cikinta, ko dai an sayar da sarƙarta ta gwal an cika, ko kwasar adashinta ce, ko kuwa gadon marayunta ne dangi suka ce a saya masu mota a sa haya. Tunda da guminmu a ciki, ai ya kamata mu san tarihin abin da ake saya.

Duk mai son ganin wannan tarihi da idonta, to ta je Illela, garin nan na bakin iyaka da ke arewa da Sakkwato da kimanin kilomita 80 da 'yan kai, wanda ke kallon Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar. Ran Lahadi kasuwa ke ci, ga shanu ga raƙuma ga albasa ga hatsi, kuma duk mota ce ke kawowa, mota ke kwashewa. A wannan hanya ne kishiyoyi biyu suka shafe shekaru suna gwabzawa, wato motar da aka haɗa a gida da wadda aka shigo da ita daga waje.

Uwargidan ita ce Peugeot, wadda muke kira Fijo. A 1972 aka kafa kamfaninta na Nijeriya tsakanin gwamnati da Faransawa, a 1975 kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a Kakuri cikin Kaduna. Lokacin kuɗin mai ya shigo, ga ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kowa na son ya hau ƙarfe. A shekarar ce Volkswagen ma ta fara haɗa motoci a Legas, daga baya aka samu masu haɗa manyan motoci, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu.

Sai dai ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Ita 'yar Kadunan, haɗa ta kawai ake yi a Kaduna. Inji da giya da yawancin sassan jikinta a akwatuna suke zuwa daga Faransa. Saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwan Legas a 1975, har ta kai a jirgin sama ake ɗauko kayan daga birnin Liyon a sauke a Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Ki riƙe wannan a ranki, don nan ne bangon ya fara tsagewa.

Amma fa a zamaninta uwargida ta ci duniya. An fara da 404, aka zo 504, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar motar manyan ma'aikata don a rage facaka. A farkon shekarun 1980 Kaduna na fitar da mota sama da 50,000 a shekara. Kuma son da aka yi mata da dalili: tana da tsayi daga ƙasa, ga ta da jure gargada da rairayi, har ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Injinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri, kowane bakanike a gindin darbejiya zai kwance kafireto ya wanke ya mayar kafin ki gama cin rogo. Doguwar mai layin kujeru uku ita ke jigilar fasinja daga Sakkwato zuwa Kano, a-kori-kura kuwa ita ke ɗaukar albasa ran kasuwa, ran biki ta ɗauki gado da katifa da kwallayen amarya. Iyayenmu da yawa a Fijo aka kai su ɗakin miji.

To daga 1981 farashin mai ya fara faɗuwa a duniya. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu, samun lasin shigo da kaya ya zama aiki, masana'antu suka fara rasa kayan haɗi. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai Maris 1986 zamanin Babangida. Mutanen Illela da Ƙonni, waɗanda auratayya da kasuwa suka haɗa tun kafin Bature ya ja layi, sun ji jiki, har a Nijar ana kiran yunwar wannan lokaci da El-Buhari. Amma babban bugun shi ne shirin SAP na 1986. Kafin nan naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Kafin shekarar ta ƙare sai da mutum ya ba da naira uku zuwa huɗu kafin ya karɓi dala guda, zuwa 1993 kuwa ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Tunda kayan cikin Fijo da kuɗin waje ake sayo su, duk faɗuwar da naira ta yi sai kuɗin mota ya yi sama. Malamin makaranta da ma'aikacin ofis da a da suke karɓar rancen mota su shiga sabuwa fil, sai suka koma kallonta daga nesa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan amarya ta shigo, duk da dai bazawara ce, don ta gama aurenta na fari a Turai. Dillalai na tara tsofaffin motoci daga Jamus da Holan da Faransa a wata unguwa cikin birnin Burasal na ƙasar Beljiyam, a loda su a jirgin ruwa a tashar Antwaf, shi ya sa har yau ake ce wa kayan hannu 'yan Beljiyam. A wancan lokaci da yawa ba Legas ake sauke su ba, Kwatano ake kai su, don can kuɗin fito ya fi sauƙi kuma ba a ɓata lokaci. A takarda sai a rubuta cewa Nijar za su. Daga nan direbobi su jero su ayari guda, su yi tafiyar sama da kilomita 700 zuwa Malanbil, su haye gadar kogin Kwara su shiga Gaya, su bi Doso da Dogon Dutsi har Ƙonni, wasu su zarce Maraɗi don su faɗo ta Jibiya. A lokacin, in mota ta iso Ƙonni hanya biyu ce ta rage mata: ko ta bi ta ƙofar kwastan a Illela a biya mata duti, ko 'yan fito su bi da ita ta daji cikin dare.

Kan ka ce kwabo tituna sun cika da Honda da Toyota da Golf da Marsandi, samari suna raɗa masu suna, wannan Hala, waccan First Lady, ga kuma V-boot ta Alhazai. Mu kanmu marubuta mun taya amarya kishi, don a littattafanmu na shekarun 1990 saurayin kirki a Honda yake zuwa zance, Fijo kuwa ta zama motar Baba ko ta gwamnati.

A gareji da majalisa musu ya ƙi ƙarewa. Masoya 'yar Kaduna suna cewa sabuwa sabuwa ce, ita wannan ta Turai wa ya san wahalar da ta sha? An juya mata agogon tafiya baya, an yi mata fenti an rufe tsatsar da gishirin titin ƙanƙara ya yi mata, ga ta a ƙasa-ƙasa kowane tudu sai ya daki cikinta. Su kuwa masu 'yar Kwatano suna cewa tasu ba ta shan mai, ga sanyin iyakwandishan, wutarta ba ta yawan rikici, kuma kuɗin sabuwar Fijo guda ya ishe ka ka sayi tsohuwa fiye da ɗaya har ka yi cefane. Kowa da gaskiyarsa. Abin da ya ƙara karya uwargida shi ne ta ƙi sauya ado: Faransa ta daina ƙera 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Abin takaici ma, har Fijon kanta ta riƙa shigowa ta Kwatano, irin su J5 mai ɗaukar albasa da tumatir, masu saye suna bugun ƙirji wai tasu 'yar Faransa ce.

Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin kare 'yar gida da doka. A 2001 aka hana shigo da motar da ta wuce shekara biyar, da aka yi kuka aka mayar takwas. Amma a 2003 ita gwamnatin ta koma ba ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis, wato babbar mai sayen Fijo ta janye hannu. A 2006 aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. A 2013 gwamnatin Jonathan ta tsara harajin da ya kai kashi 70 cikin 100 kan motocin waje, daga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan tudu gaba ɗaya, a watan Agustan 2019 kuma aka sake rufe iyakoki, sai Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, Illela na ciki. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo wani rufin har Maris 2024.

To amma dokar da ta tsaurara ƙofa ba ta sauko da kuɗin sabuwar mota ba, sai dai ta ƙara wa hanyar daji daraja. Wa ya biya kuɗin? Yaran da ke tsala gudu cikin duhu ba fitila don tsere wa jami'ai, da iyayen da suka yi ta zaman makoki, da matan da suka shiga takaba da ƙuruciyarsu. Sai kuma bayin Allah da suka sayi mota da takardun bogi, rana ɗaya a tare su a hanya a ƙwace, kuɗi ya bi ruwa.

Ba a ce 'yar gida ta mutu ba. Innoson ya buɗe masana'antarsa a Nnewi a 2010, a 2022 kuma kamfanin Ɗangote ya fara haɗa sabbin Fijo a wata sabuwar masana'anta a Kaduna. Sai dai bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, da dala ta haura naira 1,500 a 2024, ita kanta bazawarar Turai ta fi ƙarfin talaka, an koma sayen wadda ta yi aure biyu ko uku a nan cikin gida.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi, ingancin mota ba a ƙarfenta kaɗai yake ba. Fijo ta yi suna ne don ko'ina ta lalace akwai mai gyara da kayan gyara, kuma ta faɗi ne don gida ya tsaya ga ɗaure kusoshi, bai koyi ƙera abin da ke ciki ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Don haka 'yar uwa, ranar da maigida ko ƙani ya zo da daɗin baki yana neman gwal ɗinki a cika a sayi mota, kada kunya ta hana ki tambaya. A nuna maki takardar kwastan, a je ofishinsu a tabbatar lambar jikin motar ta yi daidai da ta takarda. A kai ta wurin bakaniken da ku kuka zaɓa, ba na dillali ba, a kuma tambaya ko ana samun kayanta a garinku. In ta haya ce, a yi lissafin mai da gyara da balas ɗin direba tun kafin a biya, don ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa kuɗin marayu ne, ko naki na kanki, a rubuta rabon kowa a gaban shaidu, ko da kuwa da ɗan'uwanki na ciki ɗaya ne. Kuma ke budurwa, ki daina auna saurayi da motar da ya faka a ƙofar gidanku, wata ta aro ce, wata ko duti ba a biya mata ba. Kin dai san tashar da mai hawa motar kwaɗayi ke sauka.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da matafiyanmu, amin.