Ledar da ta rufe ciki: daga Bogota zuwa ƙasar Gure

Shekarun baya, ɗan yayata ya kwanta da zazzaɓin taifot a garinmu Gamu, cikin gundumar Gure. An yi jiƙe-jiƙe, an sayi ƙwayoyi a kasuwa, har sai da cikinsa ya sandare kamar katako sannan muka nemi mota. A asibitin birni aka ce hanjinsa ya huje, aka yi masa fiɗa cikin dare. Kwana biyu bayan haka cikin ya kumbura tamkar ganga, fitsari ya ɗauke, numfashi ya gagara. Likitan ya sake buɗe cikin, bai ɗinke ba, ya rufe shi da leda. Kakarsa ta riƙe hannuna tana cewa, "Ɗan nan, yaushe aka taɓa barin cikin mutum a buɗe?" Tambayar tata ce ta sa na bi tarihin abin.

Ciki kamar salka yake, yana da iyakar abin da zai ɗauka. In hanji ya kumbura, ko jini ya taru, ko aka yi wa majinyaci ƙarin ruwa mai yawa, matsi yakan hau. Sai ya danne jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, ya matse ƙoda, ya tokare huhu daga ƙasa. Mutum yakan mutu alhali fiɗar ta yi kyau.

Ba yau aka hango wannan ba. A 1876 wani Bajamushe mai suna Wendt ya lura cewa fitsari na raguwa idan matsin ciki ya ƙaru. A 1911 Haven Emerson na Amurka ya gwada a kan dabbobi, ya nuna cewa matsin kan iya kai ga tsayawar zuciya. A 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, likitan sojan Ingila Ogilvie ya ba da shawarar a rufe cikin da ya ƙi haɗuwa da ƙyalle maimakon a ja shi da ƙarfi. Duk da haka, shekaru da dama abin alfaharin likitan fiɗa shi ne ya ɗinke ciki tsaf, ko ta halin ƙaƙa.

Masu fiɗar jijiyoyin jini ne suka farkar da duniya. Akwai babbar jijiyar da ke saukowa daga zuciya ta ratsa ciki, wadda a wasu tsofaffi takan kumbura ta fashe. A 1984 Irving Kron da abokan aikinsa a Jami'ar Bajiniya suka bayyana cewa wasu da aka gyara wa jijiyar nan fitsarinsu na ɗaukewa, kuma da zarar an sake buɗe cikin sai ya dawo. Suka nuna yadda za a auna matsin ta robar fitsarin da ke cikin mafitsara. A 1989 Fietsam da abokansa suka raɗa wa ciwon sunan da likitoci ke amfani da shi har gobe, wanda da Hausa za mu ce matsewar kayan ciki.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne nesa da asibitocin masu kuɗi. A wannan shekara ta 1984, a asibitin San Juan de Dios na Bogota, ƙasar Kolombiya, wani matashin likita, Oswaldo Borráez, ya tarar da cikin da ya ƙi rufuwa. Ya ɗauki ledar ruwan asibiti mai tsabta, ya tsaga ta, ya ɗinka a bakin yankan. Yau ko'ina a duniya ana kiran dabarar da sunan Bogota. Irinta ce aka sa wa ɗan yayata.

A 2004 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu nazarin ciwon, a 2006 ta fitar da ƙa'ida: matsin da ya tsaya a 12 ko sama, da irin ma'aunin hawan jini, ya wuce kima, in ya haura 20 tare da gazawar wata gaɓa kamar ƙoda ko huhu, ciwon ya tabbata.

A ƙasarmu abin da ya fi kai mutane ɗakin fiɗa da kumburin ciki shi ne hujewar hanji, toshewarsa da haɗarin mota. Ƙofa daban, masifa ɗaya. Kuma tarihin nan ya nuna mini cewa kayan yaƙi da ita robar fitsari ce, da abin awo, da leda, da idon ma'aikacin jinya mai ƙirga fitsari sa'a-sa'a. Abin da ke kashe mu shi ne jinkiri: kwanakin da muke ɓatawa a gida, da nisan da ke tsakanin ƙauye da Gure, da fiye da kilomita 150 daga Gure zuwa Damagaram.

Yaron ya tashi. Bayan kwanaki kumburin ya saɓe, aka cire ledar aka ɗinke shi, yanzu noma yake yi. Shawarata ga ɗan uwa mai karatu: zazzaɓin da ya wuce mako ya haɗu da taurin ciki, kada a kwana da shi a gida. In kana jinyar wanda aka yi wa fiɗa ka ga ciki na hawa, fitsari na raguwa, kira ma'aikaci nan take. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.