Kayan sauti na gida: a haɗe ko a rarrabe?

Mai son kafa ingantattun kayan sauti a falonsa yana da zaɓi biyu: ko dai ya sayi na'ura guda wadda ta haɗa komai, ko kuma ya sayi kowane sashe daban ya haɗa su da wayoyi.

Sassan dai uku ne. Na farko shi ne mai kamo tashoshin rediyo. Na biyu shi ne mai zaɓen inda sauti zai fito, ko daga faifai ko daga talabijin, tare da daidaita ƙararsa. Na uku kuwa ita ce amfilifaya, wadda ke ba sautin ƙarfin motsa lasifika.

Akwatin da ya haɗa ukun shi ake kira risiba, amma ba irin ta tauraron ɗan Adam ba.

Asali

A shekarar 1954 ne kamfanin Harman Kardon na Amurka ya fito da Festival D1000, wadda ake lissafawa cikin risibobi na farko.

A shekarun 1970 kamfanonin Japan sun shiga gasar ƙarfi, har Pioneer ya ƙera SX-1980 a 1978, mai wat 270 a kowane ɓangare, da nauyin kilo 35.

Bayan fitowar faifan DVD a 1996, risiba ta koma ginshiƙin sinimar cikin gida, inda take ciyar da lasifika biyar ko fiye.

Riba da hasara

Babbar fa'idar risiba ita ce araha da sauƙin haɗawa, domin akwati ɗaya ne, taransifoma ɗaya, rimot ɗaya.

To sai dai dukkan lasifikokin daga wannan taransifomar suke jan wuta. Galibi adadin wat da kamfanoni ke tallatawa an auna shi ne da lasifika ɗaya ko biyu, saboda haka yakan ragu idan biyar ko bakwai suna aiki tare.

Haka kuma fasaha na saurin sauyawa. An fito da tsarin HDMI a 2002, sannan Dolby Atmos ya shiga gidaje a 2014. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, mai risiba da ke son sabon tsarin sai ya sauya akwatin baki ɗaya, ko da amfilifayar ciki lafiyarta ƙalau. Idan kuma sashe ɗaya ya lalace, gaba ɗaya ake kai wa mai gyara.

Shi kuwa mai sassa a rarrabe, abin da ya tsufa kaɗai zai sauya, kuma amfilifaya mai kyau takan yi shekaru da dama tana aiki. Amma sun fi tsada da cin wuri, ga kuma yawan wayoyi, waɗanda kan haddasa gurnani a lasifika idan ba a haɗa su daidai ba.

Me kunne ke ji?

Ninka wat sau biyu desibel uku kawai yake ƙarawa. Sai an ninka kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka.

Shi ya sa a matsakaicin falo ingancin lasifika da inda aka girke ta suka fi tasiri. Fifikon sassa a rarrabe ya fi bayyana a babban ɗaki, ko ga lasifika masu buƙatar wuta da yawa.

Akwai kuma hanyar tsaka-tsaki: risiba mai kafar da za a iya jona mata amfilifaya ta daban nan gaba.

Kayan gwanjo

Masu sayen na hannu su lura cewa wutar gida a Amurka bolt 120 ce, a Japan 100, alhali ta Najeriya da Nijar da Ghana tana tsakanin 220 da 240. Na'urar da aka ƙera domin wutar Amurka ko ta Japan kaɗai za ta ƙone idan aka jona ta ba tare da taransifomar rage wuta ba.