Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Kan Tunkiya Ya Ruɗi Likitoci

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a don karanta ilimin dabbobi ko likitanci, ba ya daɗewa za a ajiye masa kwaɗo ko ɓera a kan tebur, a miƙa masa aska a ce ya feɗe. Daga baya kuma a zaunar da shi gaban madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ya duba ɗan yankin hanta ko huhu. Manufar ita ce ya fahimci ginin jikin dabbobi masu ƙashin baya ta hanyar kwatanta wannan da wancan. Sai dai wannan kwatancen ya taɓa ɓatar da likitoci sama da shekara dubu.

Labarin ya fara ne da Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus. An haife shi a shekarar 129 miladiyya a Fagamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya kuma zama likitan sarakunan Rum. A zamaninsa ba a yarda a feɗe gawar mutum ba, don haka ya koma kan birai da aladu da shanu da tumaki. Abin da ya gani a jikinsu sai ya rubuta shi a matsayin na ɗan Adam. Ya ce muƙamuƙin mutum na ƙasa ƙashi biyu ne, ƙashin ƙirji kuma gaɓa bakwai. Ya kuma siffanta wata ragar jijiyoyin jini a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ragar tana nan, amma a kan tunkiya da saniya. Mutum ba shi da ita.

Littattafansa sun isa Bagadaza, inda Hunain bin Ishak ya fassara su a ƙarni na 9. Cikin waɗanda suka gaje su an sami masu ja da shi. Wajen shekarar 1200, bayan wata muguwar yunwa a Masar, Abdullaɗif al-Bagadadi ya duba tarin ƙasusuwan mamata, ya tarar muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne. Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya musanta cewa jini na ratsa bangon tsakiyar zuciya, ya ce ta huhu yake bi. Duk da haka maganar Galen ce ta ci gaba da sarauta a makarantu.

A jami'o'in Turai na wancan lokaci, malami kan hau kujera yana karanta littafin Galen, wanzami na ƙasa yana yanka gawa, ɗalibai na kallo. Andreas Vesalius, wanda ya zama malami a Jami'ar Faduwa ta Italiya a 1537, ya sauko daga kujerar ya karɓi askar da kansa. A babban littafinsa na 1543 ya nuna cewa ƙashin ƙirjin mutum gaɓa uku ne. Ya kuma yi wata ikirari mai nauyi: a da, in zai feɗe kan mutum a gaban jama'a, yakan tanadi kan tunkiya ko na sa a gefe, don ya nuna ragar da ya kasa samu a kan mutum. Kwarjinin Galen ya sa shi ƙin yarda da idonsa.

Gano kuskuren bai sa an daina kwatance ba, sai dai an koyi yin sa da gaskiya. A 1555 Pierre Belon na Faransa ya zana ƙwarangwal ɗin mutum kusa da na tsuntsu, ya sa wa ƙasusuwan da suka dace alama iri ɗaya. A 1661 Marcello Malpighi na Bolonya ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubi, ya ga siraran hanyoyin da jini ke bi daga jijiyoyin da ke fitar da shi zuwa masu mayar da shi zuciya. Wannan ne giɓin da ya rage a bayanin William Harvey na 1628 kan zagayawar jini, kuma kwaɗo ne ya cike shi.

Sai Xavier Bichat na birnin Faris, wanda ya lura cewa kowace gaɓa saƙa ce ta nama iri-iri, kuma cuta kan kama wani irin ta bar wani. Ya lissafa iri 21 ba tare da madubi ba, ya rasu a 1802 yana ɗan shekara 30. Yau ɗalibai na koyon manyan iri huɗu: mai lulluɓewa, mai haɗawa, tsoka da jijiyar saƙo. A 1843 Richard Owen na Ingila ya raba kama gida biyu. Hannun mutum da fiffiken jemage da ƙafar gaba ta doki tsarin ƙashinsu ɗaya ne, aikinsu ne ya bambanta. Fiffiken tsuntsu da na fara kuwa aikinsu ɗaya, gininsu daban.

Wannan tarihi bai zama tsohon zance ba. Har gobe ana gwada sabon magani a jikin ɓera kafin a ba mutum, kuma da yawa daga magungunan da suka yi aiki a can sukan gaza in an zo kan mutane. Ɗalibin da ke riƙe da aska yana buƙatar kwaɗon, kamar yadda Malpighi ya buƙace shi. Abin da ya rage gare shi shi ne ya rubuta inda jikin kwaɗo ya yi kama da nasa, ya rubuta inda suka saɓa, ya kuma faɗi abin da idonsa ya gani ko da littafin malam ya ce ba haka ba.