Fasahar sautin muhalli da muryoyin karkarar Kano

Fasahar sautin muhalli wani fanni ne da ake fita da na'ura zuwa gona ko daji ko kasuwa, a naɗo abin da kunne ke ji, sannan a tsara shi ya zama aikin da jama'a za su zauna su saurara.

Galibi ba mawaƙi a cikinsa, ba makaɗi. Kukan tsuntsu da kaɗawar iska da takun dabba su ne kayan aikin.

Asalin fannin

Ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen ɗan Afirka ne. A 1944 Halim El-Dabh, wani ɗalibin aikin gona a birnin Alƙahira, ya aro na'ura daga gidan rediyo ya naɗi bikin zar, wanda ya yi kama da bori, sannan ya sarrafa muryoyin har suka sauya kama.

A 1948 Pierre Schaeffer na gidan rediyon Faransa ya tsara wani aiki da ƙarar jiragen ƙasa, yayin da a 1970 Luc Ferrari ya fitar da sautin wayewar gari a wani ƙauyen masunta da ke ƙasar Kuroshiya ta yanzu.

Shi kuwa Murray Schafer na Kanada, a littafin da ya wallafa a 1977, ya nuna cewa kowane gari na da sautin da ake shaida shi da shi, kuma sautin kan iya ɓacewa.

A Najeriya, Emeka Ogboh ya yi fice wajen naɗar hayaniyar Legas, musamman kiraye-kirayen kwandastocin motocin danfo, waɗanda ya kai wuraren baje kolin fasaha a Turai.

Me kunne ke ji a karkarar Kano?

Masu wannan fanni a Turai da Amurka kan nemi wurin da ba motsin ɗan Adam. Ƙasar noma ta arewacin Kano, kamar Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir da Dambatta, akasin haka ce.

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, ya bayyana yadda ake noma gonakin kowace shekara ba hutu, da taimakon taki, a ƙarƙashin itatuwan da aka bari da gangan, irin su ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya.

Don haka muryar mutum da ta dabba da ta iska a cakuɗe suke, kuma suna sauyawa da lokaci.

Da damina akwai rugugin hadari da kukan kwaɗi a kududdufi da sarar fartanya. Da kaka sai sussuka da shiƙa, da yara masu buga gwangwani don korar tsuntsaye daga gero.

Da hunturu iska ce ke kaɗa busassun karan dawa, yayin da da rani ƙarar injin ban-ruwa ke tashi a kewayen madatsun Watari da Tomas.

Yini ma da nasa jerin: kiran assalatu da carar zakara, sai amon turmi, sai karatun almajirai a tsangaya bayan faɗuwar rana.

Abin da ke gushewa

Wasu daga cikin waɗannan sautuka na ja da baya. Injin niƙa ya rage daka, tare da lugude da waƙoƙin da mata kan rera a bakin turmi.

Babura da motoci sun karɓe yawancin aikin jakunan da a da ke kai itace birni su komo da taki. Gangar noma da ke zaburar da samari a wajen gayya ita ma ta yi ƙaranci, ƙwadago ya maye gurbinta a wurare da dama.

Masana irin su David Ames, wanda ya naɗi kaɗe-kaɗen Hausawa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, sun fi mayar da hankali ne ga makaɗa. Kukan jaki ko amsa-kuwwar guga a rijiya kuwa, ba a cika ɗaukarsu abin adanawa ba, sai an wayi gari babu su.

Yadda ake aikin

A yau wayar salula ma kan isa a fara. Babbar abokiyar gaba ita ce iska, shi ya sa ake lulluɓe makirufo da soso ko ƙyalle mai gashi. Mai naɗa kan kafa na'urarsa tun da asuba, ya ja gefe ya yi shiru, ya kuma rubuta wuri da rana da sa'a.

Akwai kuma batun ladabi. Gona da mai ita, kuma muryar matan aure a cikin gida ba abar ɗauka ba ce sai da yardarsu da ta masu gidan. Baƙo kan fara ne da gaida dagaci ko mai unguwa.

Tambayar da ke biyo baya ita ce inda za a ajiye abin da aka naɗa. Faya-fayan da Ames ya tattara a Jamus aka buga su. Idan ba a bar kwafi a ƙauyen da aka ɗauko sauti ba, jikokin masu dakan ne za su zama na ƙarshe da za su ji shi.