Hoton Shehu a Bangon Shago: Wa Ya Ɗauka, Yaushe, A Ina?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na yau ya shafi wani abu da idonka ya saba da shi har ya daina lura. Ka shiga Kasuwar Dole, ko ka ratsa Zango ka nufi Birni, za ka ga hotuna manne a bangon shaguna, da bayan manyan motoci, da tankin kabu-kabu. Ga wani dattijo mai farin rawani da barewa a gefensa, an rubuta Shehu Ahmadu Tijjani. Ga wani da zaki kwance kusa da shi, an rubuta Sidi Abdulƙadir. Ga wani cikin babbar riga, an ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Yanzu kuma sun sauko daga bango sun shiga salula, a turo maka da asuba, a ce ka tura wa mutum goma ka sami albarka.

Sau da yawa waɗannan hotuna sun haɗa ƴan sahu ɗaya gardama a ƙofar masallaci. Wannan ya rantse Shehu ne, wancan ya rantse ƙarya ce, a rabu zukata a ɓace, alhali babu wanda ya tsaya ya ƙidaya shekaru. To, mu ƙidaya tare.

*Abin da shekaru suka nuna*

Sidi Abdulƙadir Jilani ya rasu a Bagadaza a shekara ta 1166. Shehu Ahmadu Tijjani an haife shi a Ainu Madi a 1737, ya rasu a Fas a 1815. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir, cikin Nijar ta yau, a 1754, ya rasu a Sakkwato a 1817.

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da akwati, wanda ya wanzu har yau, wani Bafaranshe ne mai suna Niépce ya ɗauke shi wajen 1826, kuma rufin gidaje ne kawai a cikinsa. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya sana'ar ɗaukar hoto a birnin Paris. Ka ga ke nan Shehu Usmanu ya riga wannan sanarwa barin duniya da shekara 22, Shehu Tijjani da shekara 24, Sidi Abdulƙadir kuwa da shekara 673. Babu kyamarar da ta taɓa kallon fuskar ɗayansu. Duk abin da ka gani da sunansu, imma zanen hannu ne na wanda bai gan su ba, imma hoton wani mutum ne dabam aka ɗora masa sunansu, imma kuma, a wannan zamani, kwamfuta ce ta ƙera fuskar.

Harshenmu ma ya taimaka wa ruɗanin. Kalma ɗaya muke amfani da ita, wato hoto, ga abin da kyamara ta ɗauka da abin da mai zane ya zana da abin da na'ura ta haɗa. Idan aka ce "hoton Shehu", mai ji sai ya ɗauka Shehun ya zauna an ɗauke shi. Haka nan suna yana iya rikita mutum. Akwai Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yaƙi Faransa, ya rasu a Dimashƙa a 1883. Shi Baƙadire ne, kuma an ɗauke shi hotuna na gaskiya. Wanda bai san tarihi ba, in ya ga sunan Abdulƙadir ƙarƙashin dattijo mai gemu da alkyabba, yana iya zaton mutumin Bagadaza ne, alhali ƙarni bakwai ne tsakaninsu.

*Ta ina suka shigo mana?*

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, maɗaba'u a Masar da Tunis da Aljeriya sun riƙa buga zane-zane masu launi a takarda mai araha: Ka'aba, da Masallacin Madina, da jaruman Musulunci, da waliyyai. Alhazai da fatake suka riƙa ɗauko su zuwa ƙasashen Yammacin Afirka. Abin ya yawaita har ya tsorata Turawan mulki. William Ponty, wanda ya yi Gwamna Janar na yankin Faransa a Yammacin Afirka daga 1908 zuwa 1915, ya sa aka hana shigo da irin waɗannan takardu, don yana ganin suna ɗaga zukatan Musulmi. Hanin bai kashe su ba. A Senegal masu zane suka riƙa kwaikwayonsu a bayan gilashi, wannan ya kwafa daga wancan, har fuskar da wani mai zane ya ƙirƙira ta zama ita ce kowa ya sani.

Masu zanen farko ba lalle ne sun yi nufin yaudara ba. Barewa da zaki alamu ne na karama, mai saye na wancan lokaci ya san zane yake saye. Da zamani ya yi nisa, aka manta da mai zanen, jikoki suka gaji takardar a bango, sai zane ya koma shaida.

*Darasi daga gidanmu*

Kada ka ce abin na nesa ne. Tarihin Damagaram kansa ya ishe mu misali. Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni ya sa aka ƙera igwa a garin nan, ya rasu a 1884. Turawan da suka sauka Zinder a tsakiyar wancan ƙarni, James Richardson a 1851 da Heinrich Barth a ƙarshen 1852, rubutu suka bar mana game da garin da sarautarsa. Saboda haka duk wanda ya nuna maka fuska ya ce ta Tanimun ce, haƙƙinka ne ka tambaye shi sunan wanda ya ɗauka.

Ka dubi kuma Sarki Amadu Kuran Daga. A zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a watan Mayu 1898. Faransawa suka dawo da ƙarfi, aka gwabza a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, aka kashe Sarkin a watan Satumba. Ayarin Foureau da Lamy, wanda ya ratso Sahara ya ɗauki hotuna da yawa a tafiyarsa, bai iso Zinder ba sai a Nuwamba. Sarkin da suka tarar a gadon sarauta shi ne Amadu ɗan Bassa, wanda aka tuɓe a 1906 aka kai shi Kwaddibuwa. Amadu biyu ke nan a shekara ɗaya. In ka ga tsohon hoto na wannan ayari an rubuta "Sarkin Zinder" kawai, wata biyu da ke tsakanin Satumba da Nuwamba su ne za su gaya maka wane Amadu ne. Idan sarakunan da kakanninmu suka gani da idonsu suna buƙatar irin wannan bincike, ina ga wanda ya rasu a Bagadaza ƙarni takwas da suka wuce?

*Hotunan da suke da sanadi*

Akwai shehunan da suka riski zamanin kyamara. Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha an haife shi a 1900, ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Makka a 1937, ya yi ta zuwa Kano daga baya, ya rasu a Landan a 1975. Hotunansa suna da yawa, kuma har yau akwai dattawan da suka gan shi, suna iya cewa wannan shi ne.

Ƙissar Shehu Ahmadu Bamba, mai ɗariƙar Muridiyya a Senegal, ta fi koyarwa. Ya rasu a 1927. Shekaru masu yawa hoto ɗaya tak aka sani nasa, wanda aka ɗauka a Diourbel a 1913 yana tsare a hannun Faransawa, aka buga shi a littafin Paul Marty a 1917. A 2020 sai wasu tsoffin hotuna suka ɓulla, aka ce nasa ne, an ɗauke su a 1918 wajen aza harsashin masallacin Diourbel. Muridai suka rabu, wasu suka karɓa, wasu suka yi shakka. Masu bincike a cikinsu suka bi diddigin wanda ya ɗauka da wurin da aka ɗauka, kafin a sayo hotunan a gwanjo a birnin Lyon a 2023. Mutanen nan suna son shehunsu so mai tsanani, kuma son bai hana su tambayar sanadi ba.

Wannan jarrabawa ba ta tsaya kan Musulmi ba. A 1875 aka kafa wata ƙungiyar masu neman ilmin ɓoye a New York ta Amurka, ana kiranta Theosophical Society. Jagorarta, Helena Blavatsky, ta ce tana karɓar koyarwa daga wasu ɓoyayyun malamai na wajen Tibet, Morya da Kut Humi. A 1884, a Landan, wani Bajamushe mai zane, Hermann Schmiechen, ya zana fuskokinsu ba tare da sun zauna gabansa ba. Aka kai zanen hedkwatar ƙungiyar a Adyar ta ƙasar Indiya, mabiya suka girmama shi. A 1885 wani mai bincike, Richard Hodgson, ya fitar da rahoto yana cewa wasiƙun da ake jingina wa malaman ƙirƙira ce, mabiya suka musanta, kuma gardamar ba ta mutu ba har yau. Zuciyar ɗan Adam ɗaya ce ko'ina: in ta so mutum tana son ganin fuskarsa, in ba ta samu ba sai ta karɓi wadda aka miƙo mata.

*Wajibin da ke kanka*

Hukuncin hoto shi kansa mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta. A mazhabar Malikiyya, mutum-mutumi cikakke mai inuwa na abu mai rai haramun ne, zanen da ke shimfiɗe kuwa bai kai haram ba, yana tsakanin makaruhi da saɓa wa abin da ya fi. Hoton kyamara kuma, Muftin Masar Shehu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i ya rubuta risala yana halatta shi, wasu malamai suka hana. Wannan ka koma wa malaminka.

Amma akwai abin da babu saɓani a kansa tsakanin ɗan ɗariƙa da wanda ba ya ɗariƙa, shi ne haramcin ƙarya. Hoto mai suna a ƙarƙashinsa labari ne, yana cewa ga kamannin wane. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi. Idan ka tura, ka shiga cikin masu ruwaya. Kuma Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu sunayen salihan bayi ne da aka kafa musu alamun tunawa, da ilmi ya gushe sai aka bauta musu. Mantuwa ce ta yi ɓarnar, kuma ka ga yadda mantuwa ta mai da zane hoto.

Wani zai ce mai zanen ya ga Shehu ne a mafarki. Mafarkin ƙwarai bushara ce ga mai shi, ba ya zama hujja a kan sauran jama'a. Ɗariƙa kanta a kan silsila ta tsayu: ba ka karɓar wuridi sai daga muƙaddamin da aka san wanda ya ba shi izini. Wanda bai yarda da wuridi marar sanadi ba, yaya zai yarda da fuska marar sanadi? Magabata da suka so su bar mana kamannin fiyayyen halitta, da kalmomi suka siffanta shi, kowace siffa da maruwaitanta, kamar yadda Imamu Tirmizi ya tara a Shama'il.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in hoto ya shigo salularka, ka tambaya: yaushe mai sunan ya rasu, wa ya ɗauka, a ina aka fara ganinsa? In babu amsa, ka tsai da shi a wurinka. In zane ne, ka kira shi zane. In kuma ka tarar da shi a ɗakin mahaifinka ko shagon maƙwabcinka, kada ka yage, kada ka yi izgili. Son bayin Allah ne ya sa shi manna shi. Ka zauna da shi cikin ladabi ku ƙidaya shekarun nan tare, ka tuna masa maganar Hausawa, kama da wane ba ta wane. Sannan ka nuna masa abin da shehunan suka bari da gaske, wato littattafansu da karantarwarsu, waɗanda ake karantawa a zaurukan Damagaram har yau.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, Ya haɗa kan Musulmi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.