Ƙananan gizo-gizo masu bin iska

Masana kimiyya na kiran wannan dangi na gizo-gizo Linyphiidae, kuma sun gano nau'i fiye da 4,000 a cikinsa.

Da yawansu ba su wuce milimita 3 ba, wato kamar ƙwayar gero.

Sun fi yawa a yankuna masu sanyi na Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, inda suke zama cikin ciyawa mai danshi. Sukan saki zare, iska ta kwashe su zuwa nesa.

Abincinsu ƙananan ƙwari ne irin su darɓa, wadda ke addabar manoman wake da gyaɗa a wurare kamar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Sai dai feshin magani barkatai kan kashe gizo-gizon gona tare da ƙwarin.